Kumburin Jijiyoyin Ƙafa da Raɗaɗin Tafin Sawu: Mene Ne Haɗinsu?

Laccar da aka gabatar a zauren taro na Ƙungiyar Ɗalibai



 Tun da aka kafa sanarwar wannan lacca, mun san ba za a rasa wanda ya ce a ransa, ina ruwan ɗan shekara ashirin da biyu da ciwon ƙafar tsofaffi ba. Amsarmu ita ce, yawancin ayyukan da kuke ɗokin kamawa idan kun karɓi digiri, watau koyarwa, da jinya, da aikin banki, da zaman tebur a sakatariya, su ne ayyukan da wannan ciwo ya fi samun gindin zama a cikinsu, kuma yakan soma ne tun mutum yana ganin kansa garau. Ban da wannan, ku ne 'yan bokon gidajenku. Ranar da Baba ko Inna za su asibiti, ku za a ce ku raka su, ku ne kuma za ku tsaya tsakaninsu da likita kuna fassara. Abin da tafinta bai gane ba kuwa, ba ya iya isar da shi.

Tun daga wajen fassarar ma ake fara samun tangarɗa. Bahaushe kalma ɗaya gare shi, watau jijiya, wadda yake kiran abubuwa da dama da ita. Hanyar da ke ɗauke jini daga zuciya ta kai shi gaɓoɓi jijiya ce. Wadda ke komo da shi jijiya ce. Farin zaren nan da ke kai saƙo tsakanin fata da laka da ƙwaƙwalwa jijiya ne. Har agara ma, wadda mahauci ke rataye tunkiya da ita, jijiya ce. Saboda haka idan dattijo ya ce yana fama da ciwon jijiya, ya faɗi gaskiya, amma bai gaya wa likita kome ba tukuna. Domin mu fahimci juna a wannan zama, za mu kira hanyoyin jini jijiyoyin jini, mu rarrabe tsakanin mai kai jini da mai komo da shi, sa'an nan mu kira zaren saƙo jijiyar ji. Abin da muka zo mu nuna shi ne, a cikin ƙafa, mai komo da jini da jijiyar ji maƙwabtan juna ne, kuma lalacewar ta farko tana iya taɓa ta biyu. Ke nan haɗa su da Bahaushe ya yi cikin suna ɗaya bai zama ɓata ba gaba ɗaya.

Bari mu fara da yadda jini ke hawowa daga sawu zuwa zuciya. A shekarar 1603 wani malamin tiyata na jami'ar Faduwa a Italiya, mai suna Fabricius, ya buga littafi a kan wasu 'yan marafai da ya gani cikin jijiyoyi masu komo da jini, ya kira su ƙananan ƙofofi. Ya gan su sarai, amma almajirinsa ne, William Harvey na Ingila, ya gane ainihin aikinsu, ya kuma bayyana a 1628 cewa jini kewaya jiki yake yi. Gwajin da ya kafa hujja da shi kowa na iya yinsa a ɗakin kwanansa yau da dare. A ɗaura ƙyalle sama da gwiwar hannu har jijiyoyi su taso. A danne ɗaya da yatsa, a sa wani yatsan a kore jinin zuwa sama har a wuce wani ɗan ƙulli da za a gani. Wurin da aka kore zai zauna wayam, jini ba zai komo ta sama ba, sai an ɗaga yatsan ƙasa. Wannan ƙulli shi ne mazaunin marfin, kuma aikinsa daidai yake da na bawul ɗin da mai faci ya sani: shiga ta hanya ɗaya, babu komowa.

To, amma bawul ba ya tura kome da kansa. Idan mutum ya tsaya cik, jinin da ke tsakanin zuciyarsa da idon sawunsa, tsawon fiye da mita ɗaya, nauyinsa duk a kan jijiyoyin ƙasa yake sauka, kuma idan aka auna matsin a idon sawu sai a sami milimita 80 zuwa 90 a ma'aunin zaiba. Da ya fara tafiya, sai tsokar sha-raɓa ta dinga matse manyan jijiyoyin da ke cikinta kamar yadda ɗan maƙeri ke matsa zugazugi, jini ya yi sama, marafai su tare shi, cikin 'yan taku kaɗan matsin ya faɗo ƙasa da 30. Wannan ne ya sa likitoci ke yi wa sha-raɓa laƙabi da zuciya ta biyu, shi ne kuma ya sa ake koya wa soja a filin fareti ya riƙa motsa 'yan yatsunsa cikin takalmi don kada ya yanke jiki ya faɗi. Kusan kashi 90 cikin ɗari na jinin ƙafa ta waɗannan jijiyoyi na can ciki yake bi. Sauran yana bin na ƙarƙashin fata, waɗanda babbarsu ita ce mafi tsawo a jikin ɗan Adam, tana tasowa ta gaban idon sawu na ciki, ta bi gefen ƙwauri da cinya har matsematsi. Likitocin Larabawa na dā, irin su Ibn Sina, suna kiranta assafin, kuma sunan da likitocin duniya ke kiranta da shi yau bai yi nisa da wannan ba.

Idan marafan nan suka saki, jinin da ya hau sai ya koma ƙasa, matsin kuma ya ƙi faɗuwa ko da mutum yana tafiya. Tushen ciwon ke nan, duk sauran abubuwa rassa ne. Gado yana da babban hannu a ciki: wani bincike da aka yi a Faransa, aka buga a 1994, ya nuna cewa idan uwa da uba duk suna da kumburin jijiyoyi, kusan kashi 90 cikin ɗari na 'ya'yansu sukan samu, alhali kuwa inda babu ko ɗaya daga iyaye, kashi 20 ne. Juna biyu ma haka, musamman ciki a kan ciki, domin jinin jiki yana ƙaruwa, bangon jijiyoyi yana laushi, mahaifa kuma tana danne manyan hanyoyin da ke ƙugu. Sai ƙiba, da yawan shekaru, da doguwar tsayuwa, da daskarewar jini a cikin jijiyar ciki, wadda za mu komo kanta. Kada kuma maza su ɗauka ciwon mata ne. Binciken da aka yi a birnin Edinbara na Sikotland, aka buga a 1999, ya duba mutum fiye da 1,500 masu shekara 18 zuwa 64, ya sami kumbura a manyan jijiyoyin ƙarƙashin fata ga kashi 40 cikin ɗari na maza, da kashi 32 na mata.

Wani zai ce ai wannan Turai ke nan. Haka ne, kuma a 1972 Denis Burkitt, likitan nan da ya daɗe yana aiki a Yuganda, ya rubuta cewa ciwon ba shi da yawa a karkarar Afirka, ya danganta haka da cin abinci mai dusa da harza. Mu dai a ganinmu, ko da me ya kare manomin da ya gani, wanda ke wuni yana tafiya tsakanin gida da gona, to, ba ya tare da magatakardan da ke zuwa ofis a mota, ya zauna awa takwas, ya koma gida a mota. Ku kuwa layin magatakardan kuka kama.

Alamun farko ba su da ban tsoro, shi ya sa ake raina su. Ƙafa tana nauyi da yamma, takalmin da ya shiga lafiya da safe ya matse bayan la'asar, safa ta bar shaida a ƙwauri, tsoka ta riƙa ɗaurewa cikin dare. Daga nan jijiyoyi su taso su murɗe kamar igiya. In an daɗe, jajayen ƙwayoyin jini sukan tsiyaye cikin nama su mutu, ƙarfen da ke cikinsu ya zauna kamar tsatsa, fatar da ke sama da idon sawu ta yi duhu, ta riƙa ƙaiƙayi, ta taurare, ƙasan ƙwauri ya tsuke sama ya kumbura, har ƙafa ta yi kama da kwalbar da aka kifa. A fatar Bature wannan duhu yana fitowa fili da wuri. A tamu kuwa sai an kwatanta ƙafa da 'yar'uwarta cikin haske mai kyau, don haka mukan makara. Tun 1994 likitoci suka amince da ma'aunin da ya kasa ciwon daga mataki na 0 zuwa na 6, na shidan kuwa shi ne gyambo buɗaɗɗe.

Yanzu mun iso inda aka haɗu. Jijiyar ji abu ce mai rai, tana bukatar abinci da iskar oksijin ba dare ba rana, kuma akwai 'yan hanyoyin jini sirara, waɗanda ido ba ya gani, da ke ratsa kubenta suna ciyar da ita. Duk wanda ya taɓa aikin lambu a fadama ya san shuka tana mutuwa iri biyu: ko ruwa ya ƙi zuwa, ko kuwa ya zo ya rasa hanyar fita, ya kwanta, saiwa ta ruɓe. Abin da ke samun jijiyar ji a wannan ciwo irin na biyun ne. Jini yana isowa, amma magudana ta toshe. Matsin da ya ƙi faɗuwa a manyan jijiyoyi yana komawa baya har cikin sirara, bangonsu ya yi yoyo, ruwa ya taru cikin kuben, kuben kuwa ba ya miƙewa sosai, sai matsi ya ƙaru a ciki, oksijin ya ragu. Jijiyar ji idan ta galabaita ba shiru take fara yi ba. Saƙon ƙarya take aikawa, mutum ya ji ƙuna babu wuta, ya ji suka babu ƙaya, ya ji kamar tururuwa na bin sa. Hausawa sun sa wa wannan suna minjirya, sunan kifin nan mai jan mutum kamar lantarki, kuma sun dace ƙwarai, domin saƙon jijiyar ji da lantarki yake tafiya. Sai bayan wannan ne sagewa ke zuwa, wurin ya mutu murus.

An auna wannan, an gani. A 1999 Frank Padberg da abokan aikinsa a Amurka suka gwada jin taɓi a ƙafafun masu wannan ciwo, suka tarar ya ragu, kuma raguwar tana ƙaruwa gwargwadon tsananin ciwon. Abin lura shi ne, wurin da jin ya fi mutuwa shi ne ɗan sama da idon sawu na ciki, daidai inda gyambon ya saba fitowa. Shekara guda bayan haka, a 2000, wasu likitoci a Jamus suka auna gudun saƙo cikin jijiyoyin ji na irin waɗannan marasa lafiya, suka ga yana jinkiri, kuma gane ɗumi da sanyi da kaɗawa duk ya yi rauni idan aka kwatanta da masu lafiya. Mutanen da aka gwada a duka biyun ba su da yawa, amma sakamakonsu ya fuskanci alƙibla ɗaya, ya kuma dace da abin da tsarin halittar ƙafa ke nunawa.

Akwai kuma maganar maƙwabtaka, wadda Bahaushe ya ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Daga gwiwa zuwa ƙasa, assafin tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da wata jijiyar ji mai kula da fatar gefen ƙwauri na ciki, ƙaramar 'yar'uwarta da ke bin bayan sha-raɓa ita ma tana tare da wata mai kula da gefen sawu na waje. Mafi muhimmanci ga batunmu kuwa wani ɗan lungu ne a bayan idon sawu na ciki. Ƙashi ne a gefe ɗaya, wani ɗamara mai tauri ya rufe ɗaya gefen, kuma ta cikin wannan matsattsen wuri babbar jijiyar ji ta tafin ƙafa take wucewa tare da jijiyoyin jini da na tsoka. Wurin ba ya ƙaruwa. Idan jijiyoyin jinin da ke ciki suka kumbura, wadda za a matse ita ce mafi laushi, sai mutum ya riƙa jin tafin ƙafarsa da 'yan yatsu suna ci da wuta, musamman bayan doguwar tsayuwa, sau da yawa a ƙafa ɗaya. A 1962 aka raɗa wa wannan ciwo suna, kuma kumburin jijiyoyin jini yana cikin sanannun abubuwan da ake tararwa idan an buɗe wurin. Likita yakan ƙwanƙwasa bayan idon sawun da yatsa. In mutum ya ji minjirya ta tsarga har 'yan yatsu, to, an kama hanya.

Abin bai tsaya nan ba, domin ɓarnar tana komowa ta ciyar da kanta. Fatar da ta taurare tana ɗaure idon sawu, ciwo yana sa mutum ya riƙa jan ƙafa maimakon ya taka da dunduniya ya tashi da yatsu, jijiyoyin ji masu ba tsoka umarni sun yi rauni. Duk wannan yana kashe zugazugin sha-raɓa, matsin jini ya ƙaru, jijiyar ji ta ƙara galabaita.

A nan ne haɗarin yake, kuma muna roƙon ku saurara da kyau, domin abin da ke raba mutum da aikinsa ke nan. An ce jiki magayi, to, ƙafar da ta sage ta daina gaya wa mai ita kome. Takalmi ya goge shi bai ji ba, salansar babur ta ƙone shi bai ji ba, ya miƙa ƙafa gaban kasko da hunturu har fata ta sale bai ji ba. Fatar kuwa dā ma ta yi rauni, ɗan ƙwarzane kaɗan sai ya zama gyambo, wanda kan yi watanni ko shekaru yana ruwa yana wari, ya hana malami shiga aji, ya hana 'yar kasuwa zama cikin mutane. A ƙasashen Turai kusan kashi 70 cikin ɗari na gyambon ƙafa daga wannan ciwo yake. Muna girmama wanzamai, sana'arsu tsohuwa ce, amma wajibi ne mu faɗa ba tare da kwana-kwana ba: ƙaho, da tsaga, da sakiya, da gashi da ruwa mai zafi, a kan fatar da ta yi duhu ta kumbura, buɗe ƙofar gyambo ne da hannu. Jinin da ƙaho ke fitarwa, wanda ake nuna wa mara lafiya ana cewa ga mataccen jinin nan ya fito, kafin a gama wanke ƙahon wani ya maye gurbinsa, tun da marafan da suka saki suna nan yadda suke. Idan kuma jijiyar da ta kumbura ta fashe, jini yakan yi tsartuwa har ya firgita mutane. A kwantar da mutum, a ɗaga ƙafar sama, a danne wurin da tsumma mai tsabta, zai tsaya, sa'an nan a tafi asibiti.

To, amma fa kada wani ya fita daga wannan zaure yana cewa duk raɗaɗin tafin ƙafa daga jijiyoyin jini yake. Mutum yana iya samun kumburin jijiyoyi, raɗaɗinsa kuma ya zama daga wani wuri dabam, kuma wannan ya fi yawa. Babban mai laifi shi ne ciwon sukari, wanda kusan rabin masu shi sukan sami lalacewar jijiyoyin ji idan an daɗe. Nasa yakan fara daga 'yan yatsu, ƙafa biyu daidai wa daida, ya hau a hankali kamar ana sa safa, ya fi tsanani cikin dare. Akwai ƙarancin bitamin B12, wanda maganin sukarin nan metfomin kan jawo idan an daɗe ana sha. Akwai isoniyazid, ɗaya daga magungunan tarin fuka, wanda saboda haka ne ake haɗa shi da bitamin B6. Akwai giya. Akwai kuturta, mai son wannan jijiyar ta bayan idon sawu, wadda maganinta kyauta ne a duniya tun 1995, sai dai kunya tana hana mutane zuwa da wuri. A 1968 ma Benjamin Osuntokun na Ibadan ya bayyana wata lalacewar jijiyoyin ji a kudu maso yammacin Nijeriya, wadda aka danganta da dogaro ga rogon da ba a jiƙa shi ya fitar da dafinsa sosai ba. Ciwon baya mai danne jijiya daga laka shi ma yana sauka har sawu. Mai sikila kuma yana yin gyambo a idon sawu tun yana saurayi.

Saboda haka tambayar da ta fi amfani, wadda muke so kowane tafinta ya yi wa mara lafiyarsa tun a gida, ita ce: yaushe ciwon ya fi tsanani, me kuma ke sauƙaƙa shi? Na jijiya mai komo da jini yakan tashi da sauƙi da safe, ya yi ta ƙaruwa har yamma, ya lafa idan an ɗaga ƙafa ko an ɗan taka. Akwai wani kuma da yake kishiyarsa, watau toshewar jijiya mai kai jini, wadda ta fi kama masu shan taba da masu sukari. Shi wannan tafiya ce ke tayar da shi, sha-raɓa ta ƙulle bayan 'yan taku, sai an tsaya. Idan ya yi nisa, ɗaga ƙafa ƙara shi yake yi, har mutum ya riƙa sauko da ita daga gado cikin dare don ya sami barci, sawun kuma yakan yi sanyi. Rarrabe waɗannan biyu maganar tsira da ƙafa ce, saboda babban maganin na farko, watau matse ƙafa da safa ko bandeji, yana iya kashe ƙafar mai na biyu. Shi ya sa kafin a ɗaura wa kowa bandeji mai ƙarfi ake auna bugun jini a idon sawu a raba da na hannu. Idan sakamakon ya haura 0.8 ana matsewa sosai. Ƙasa da haka sai da sassauci da sa idon likita. Ƙasa da 0.5 kuwa ba a matsewa sam. Wanda ya sayo wa mahaifinsa safa mai matsewa daga kantin magani don nuna ƙauna, ba tare da an yi wannan awo ba, caca ya yi da ƙafar tsohon.

Gwaje-gwajen da ake bukata yawancinsu ba masu tsada ba ne. A duba ƙafa mutum yana tsaye, don a kwance jijiyoyin sukan ɓuya. A laluba bugun jini a sawu. A auna sukari. A taɓa tafin ƙafa da ɗan zaren roba mai lanƙwashewa a nauyin giram 10, a ɗora ƙarfe mai kaɗawa a kan babban yatsa. Sai hoton sikanin da ake kira Dofla, irin na'urar da ake duba masu ciki da ita, wanda ke nuna inda jini ke komawa baya. Idan an tabbatar, magani yana farawa da abin da ke hannun mara lafiya: safa mai matsewa daidai awon ƙafarsa, a sa ta da sassafe kafin kumburi ya taso, ɗaga ƙafa sama da ƙirji minti 15 zuwa 30 sau uku ko huɗu a rana, domin ɗora ta a kan kujera 'yar tsugune bai isa ba, tafiya, rage ƙiba, shafa mai a fata, duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kullum a lokacin wanka ko alwala. Mun san sa safa mai kauri a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri azaba ce, kuma da yawa sukan jefar da ita cikin mako guda, amma ko wadda aka sa lokacin aiki kaɗai ta fi wadda ke cikin akwati. A kula kuma, bandejin da aka tamke a ƙasan gwiwa ta gefen waje yana iya danne wata jijiyar ji da ke kan ƙashi a wurin, har sawu ya saki ya riƙa jan ƙasa.

Aikin tiyata tsoho ne. Abul Ƙasim Azzahrawi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu wajen 1013, ya bayyana yadda ake zare jijiyar da ta kumbura. Amma maƙwabtakar nan tana bin likita har ɗakin tiyata: wani bincike a Danmak a 1990 ya nuna cewa idan aka zare assafin har idon sawu, kashi 39 cikin ɗari sukan sami rauni a jijiyar ji da ke kusa da ita, idan kuwa aka tsaya wajen gwiwa, kashi 7 ne. Tun wajen 1999 aka soma rufe jijiyar daga ciki da zafi, ta hanyar zura siririyar waya, ko a rufe ta da allurar kumfa, jini ya koma bin na ciki. A 2018 aka buga gwajin da aka yi a Ingila kan mutum 450 masu gyambo: waɗanda aka rufe wa jijiya da wuri, tare da bandeji, rabinsu sun warke cikin kwana 56, waɗanda aka jinkirta wa kuwa sai 82. Nauyin ƙafa da kumburi da zogi sukan amsa wannan magani da sauri. Sagewar da ta daɗe ita ce mai taurin kai, domin jijiyar ji, idan ma za ta farfaɗo, wajen milimita ɗaya take tsirowa a rana, wadda ta mutu sarai kuwa ba ta komowa.

Game da ƙwayoyi, farasitamol da danginsa ba su cika taɓa raɗaɗin jijiyar ji ba. Akwai waɗanda ke rage shi, irin su amitiriftilin da gabafentin da firegabalin, kuma likita ne ke tsara su, daga kaɗan zuwa sama. Muna ambaton wannan a gaban matasa da gangan, don mun san yadda ake sayen taramol da firegabalin a bayan kanta. Mai raɗaɗin da ke hana barci abu ne mai sauƙi ya zame daga neman sauƙi zuwa jaraba, alhali ciwon da ke ƙasa yana nan yana ci.

Mun yi alkawarin komowa kan daskarewar jini. Idan gudan jini ya toshe jijiyar ciki, ko bayan ya narke yakan bar marafan a lalace, kuma tsakanin kashi 20 zuwa 50 cikin ɗari na waɗanda ya kama sukan ƙare da ciwon nan da muke magana a kai. Wannan hanya ce da kan kawo shi ga masu ƙananan shekaru: mai jego, wanda aka yi wa tiyata, wanda ya karye aka ɗaure shi ya kwanta, da matafiyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2007 cewa zaman tafiya na fiye da awa huɗu ba motsi yana ninka haɗarin kusan sau biyu, ku kuwa kun san awa nawa ake yi a matse cikin mota daga Kano zuwa Legas. In direba ya tsaya, a sauka a taka. In bai tsaya ba, a riƙa ɗaga dunduniya ana saukewa, a sha ruwa. Haka malami zai yi a gaban allo, haka akawu zai yi a ƙarƙashin tebur, ya kuma tashi ya kai fayil da kansa maimakon ya buga wa masinja ƙararrawa. Idan kuwa ƙafa ɗaya ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi da ciwo, kada a murza ta, kada a kira mai tausa, a tafi asibiti a ranar. In numfashi ya soma sarƙewa ko ƙirji ya riƙa suka, to, mai yiwuwa gudan jinin ya ɓalle ya tafi huhu, kuma a lokacin ko jiran gari ya waye ba a yi.

Malam Shugaba, mun ga an miƙo takardun tambayoyi tun ɗazu, saboda haka a nan za mu dakata.